Girgijen Halidu

Harobanda, Yamai
Fabrairu 1984

Zuwa ga taubashina Halidu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ina sanyin Faransa? An ce har ƙanƙara ke zubo muku. Allah ya ƙara, ai kai ka zaɓa. Ni da maigidana Amadou da yara duk lafiya lau, sai aikin matanite, asibitin haihuwa, da ba ya ƙarewa, don fari bai hana mata haihuwa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in sanar da kai Kawu Ado, mahaifinka, yana nan gidana. Amadou ne ya taho da shi a kamyo, babbar motar da yake ja, da ya kai kaya Tawa. Kada hankalinka ya tashi, ba ciwo ba ne. Damanar bara ce ba ta bar komai ba. Rumbu ya zama wayam, tumakin sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar aka raba shi da garin, sai da Amadou ya rantse masa cewa lokacin shuka na yi zai mayar da shi.

Bai zo da komai ba sai buzunsa da butarsa da buhu guda na irin hatsi. Ka san irin, ɗan gajeren nan mai saurin nuna da kakanmu ya bari. Ya ce duk garin ba wanda ya rage da shi, kowa ya daka nasa ya sha. Shi ya kwana da yunwa bai taɓa ba. Yanzu da shi yake ta da kai. Ranar da autata ta ɗebo za ta watsa wa kaji, na ga idon Kawu yadda ban taɓa gani ba.

Zaman birni ya ishe shi. Wuni yake gindin dogon yaro da maƙwabcinsa na ƙauye, Malam Hasan, wanda ke zaune da iyalinsa a bukkokin da masu gudun fari suka kafa bayan unguwarmu. Akwai kuma abin da ke cin sa. Mutane na tambayarsa me ɗansa ke karantawa shekara da shekaru a ƙasar Turawa. Ɗan wane likita ne, ɗan wane ɗan duwan ne mai karɓar kuɗin fito, shi kuwa sai ya ce nasa sama yake dubawa, a bushe da dariya. Ni ma in an tambaye ni iyakar abin da na sani ke nan. Don Allah ka rubuto da Hausa, dalla-dalla, yadda zan karanta masa ya samu abin faɗa. Ban da wannan Faransancin naka mai fita ta hanci.

Sai dai ka kula. Wasiƙarka ta baya ta zo an buɗe ta an sake liƙewa, kuma duk wadda ta fito waje haka masu kaki ke yi mata. Ka iya alƙalaminka, baki shi ke yanka wuya.

Taka,
Tabawa


Paris
Maris 1984

Zuwa ga Tabawa, ungozomar Harobanda,

Na gaishe ki, na gai da Amadou da yara. Ina lafiya, sai mura da ta zama abokiyar zama. Labarin gida ya hana ni cin abinci ranar da na karanta. Allah ya saka muku da alheri, kun yi abin da ni ya kamata in yi. Dariyar da kike wa sanyina kuwa na ajiye miki, akwai ranar ƙin dillanci.

Ga abin da za ki karanta wa Baba.

Baba, ina gaisuwa, ina neman albarka. Aikina kusan irin na Tabawa ne, sai dai ni taurari nake jira a haifa. Cikin ikon Allah akwai wasu manyan gizagizai can sama, a cikinsu ake haihuwar taurari. In jaririn tauraro ƙato ne, haskensa mai kaifi yakan farfasa ƙwayoyin iskar da ke kewaye da shi, har iskar ta ɗau zafi ta fara haske da kanta. Matsalar ita ce girgijen yana da duhu da kauri, ido ba ya ratsa shi ko da madubin hangen nesa. Amma akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke ƙasa da ja. Shi ne kake ji a fuska in ka rufe ido kusa da murhu. Wannan yana ratsa girgijen ya fito. Muna da na'ura mai kama shi ta baje shi kamar bakan gizo, sai mu ga wasu layuka a ciki. Kowace iska da nata layin, yadda kowane mai raƙumi ke da tasa shaidar a wuyan dabbarsa. Daga layin muke gane wace iska ce, yaya zafinta, kuma ina ta dosa.

Girgijen da aka ba ni in duba na daɗe ina fama da shi, sai bana Allah ya ba ni sa'a, layin ya fito sarai. Girgijen ya cika, ya yi nauyi fiye da yadda malamaina suka zata. Iskar da ta fi yawa a cikinsa Turawa na ce mata idrojan, wai ma'anar sunan mai haifar ruwa. Kuma layin ya ɗan goce gefe, abin da ke nuna wajenmu yake tahowa, da gudu kuwa. In Allah ya yarda, Baba, bana wahala ta ƙare.

To, Tabawa, kin ga na yi Hausa, ko kalma ɗaya ba ta bi ta hanci ba. Za mu tafi da na'urar wani dutse mai tsawo a kudu, inda babban madubin yake, kuma wasiƙa ba ta hawa can. In kin ji shiru kada ki ce girman kai ne.

Naki,
Halidu


Harobanda
Afrilu 1984

Halidu,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, don Hausar taka ta ja mana magana.

Na karanta wa Kawu a gindin dogon yaro, Malam Hasan na zaune. Da farko abin gwanin daɗi, har ya yi dariya da ka ce kai ma ungozoma ne. Da na iso wajen girgijen da ya cika, mai haifar ruwa, yana tahowa wajenmu, sai ya ɗaga mini hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya dubi Malam Hasan, Malam Hasan ya dube shi, suka ɗaga hannu suna hamdala. Gaskiya ni ma sai da zuciyata ta yi tsalle kafin hankalina ya dawo, don duk mai rai a ƙasar nan in ya ji kalmar girgije abu ɗaya yake ji.

Na ce Kawu, ba girgijen ruwa yake nufi ba, na taurari ne. Ka san abin da ya ce?

"Ɗiyata, girgije girgije na. Kin taɓa jin wanda ya cika, ya yi nauyi, shina ɗauke da mai haihuwar ruwa, kuma a ce ba na ruwa ba?"

Na ja, ya ja. Sai ya karɓi wasiƙar ya nuna mini inda aka farke aka liƙe. Ya ce yaronsa ba wawa ba ne, ya san soji na karantawa, kuma ya san an sha kiran mutane a tambaye su don sun yi maganar ruwa da yunwa a bainar jama'a. Shi ya sa ka naɗe maganar cikin taurari. Wai zaurance ka yi masa, ɗa da uba, ni ce ban iya ji ba. Kuma ka rufe da cewa bana wahala ta ƙare, to wace wahala ce ta wuce wannan? Abin haushin, ni da bakina na gaya masa tun farko cewa ana buɗe wasiƙu.

Ga inda tsorona yake. Ka tuna yadda gidanmu ke shuka tun kaka da kakanni. A raba iri uku, a shuka biyu, a ɓoye ɗaya, don in ruwan farko ya yi yaudara a samu na sakewa. Da wannan dabarar irin ya kawo yau. Yanzu Kawu ya ce bana ba ajiya, duka zai zuba a ƙasa, tunda ɗansa ya leƙa sama ya gano. Zai kuma ɗiba wa Malam Hasan, wanda ya riga ya fara gaya wa mutanen bukkoki. Jiya wata tsohuwa ta tare ni a kan gada tana sa maka albarka.

Ka rubuto maza. Ka faɗa masa a fili, ba misali, ba raƙumi, ba bakan gizo.

Tabawa


Harobanda
Mayu 1984

Halidu,

Gaisuwa. Shiru har yanzu. Na san ka ce dutse za ka hau, amma wane irin dutse ne ba a saukowa? Kullum sai na biya posti kafin in wuce aiki, har mai ba da wasiƙun ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Kawu ya sa an gyara masa kalmensa na noma. Ya hana Amadou sakat da maganar alkawari. Ina ta ja masa rai da cewa kamyon na gareji, kuma ƙaryar ta kusa ƙarewa.

Tabawa


Paris
Mayu 1984

Tabawa,

Ina gaisuwa. Na sauko na tarar da wasiƙunki biyu tare. Na karanta su a tsaye. Wallahi da na ce wahala ta ƙare, karatuna nake nufi. Na so in faranta masa ne kawai, in ba shi kalmomin da ya sani. Karanta masa wannan yanzu, kada ki jira ya gama alwala ma.

Baba, ni ne Halidu. Ina roƙonka ka saurare ni. Girgijen da na faɗa ba na ruwa ba ne. Babu zaurance a maganata. Ba ya saman Tawa, ba ya saman Nijar, ba ya saman duniyar nan. Nisansa ya kai hasken da na kama ya baro shi tun shekaru dubbai, kafin a kafa garinmu. Ko zai yi ta gudu har tashin duniya ba zai iso ba, in ma ya iso wuta ce a cikinsa, ba ɗigon ruwa. Ban san komai game da damana ba, ka fi ni sani nesa ba kusa ba. Na rantse da Allah ban ga ruwan bana ba. Ka raba irin uku yadda ka koya mini. Ka ɓoye ɗaya.

Tabawa, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba don kunya. Danshin da ke cikin iska yana shanye hasken da muke nema, shi ya sa muke hawa dutse. Mu a aikinmu sama mai kyau ita ce busasshiya ƙayau, wadda ba alamar hadari. Abokan aikina har tafi suke in an wayi gari haka. Mutumin da ke fatan sama ta bushe shi mahaifina ya ɗauka mai albishir da ruwa.

In wasiƙa ba ta isa ba, ki kai shi posti in kira ta waya ya ji muryata.

Halidu


Harobanda
Yuli 1984

Halidu,

Muna nan da rai, alhamdu lillahi. Yara sun yi zawo sun warke. Na jinkirta amsa don ban san ta inda zan fara ba.

Wasiƙarka ta iso Kawu na ɗaure kaya. Ta zo a buɗe kamar kullum, wannan karon har da hatimi a baya. Na karanta masa da ƙarfi, kalma kalma, har rantsuwar. Ina kallon fuskarsa ina jira ta canza. Sai ya yi murmushi irin na tausayi, ya ce da Malam Hasan:

"Ka ji ko? Sun matsa mai. Yaron da bai hwaɗi gaskiya ba, mi za ya sa a tilasta shi ya janye har da rantsuwa?"

Wato duk ƙarfin da ka sa wajen musu, shi ya ƙara masa yaƙini. Na kawo maganar waya, ya ce wanda ya buɗe takarda ai ba zai kasa sa kunne a waya ba, kuma shi ba zai jefa ɗansa cikin hatsari don kawai ya ji murya ba. Kai yake karewa, ka gane? Na ɗauko wani malamin lakkwal, makarantar boko ta unguwarmu, ya yi masa bayani, Kawu ya saurare shi da ladabi, da ya tafi ya ce ai ma'aikacin gwamnati ne, dole ya faɗi haka.

Da na rasa dabara sai na yi sata. Yana masallaci na kwance buhun na ɗebi abin da nake ganin ya kai kashi ɗaya, na cusa a tukunya na rufe. Yana dawowa ya ɗaga buhun da hannu ɗaya ya ajiye. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi abinci, ya ce ba zai ci tuwon gidan da ba a yarda da ɗansa ba. Tsoho ne, kawuna ne, ga shi ba jiki. Da la'asar na fito da tukunyar na juye masa. Na yi kuka ranar, na haushinsa da naka da nawa.

Amadou ya kai su, shi da Malam Hasan da iyalinsa. Ba su daɗe da isa ba aka yi ruwa mai ƙarfi, har tabki ya kawo. Ka ga ta inda abin ya ƙara ɗaurewa. Garin duka suka ce ga ruwan Halidu. Kawu ya shuka duka, ya ɗiba wa Malam Hasan shi ma ya shuka, ko ƙwaya ba a bari ba. Da Amadou ya sake bi ta can ya ce shuka ta fito kore shar, Kawu na yawo cikinta yana cewa a gaishe ka.

Daga wannan ruwan ba a ƙara ko yayyafi ba. Nan Yamai ma hadari kan haɗu da yamma, iska ta taso ta watsa shi. An yi roƙon ruwa sau biyu. Rediyo na cewa a kwantar da hankali. Ni dai tsoro nake ji.

Tabawa


Paris
Agusta 1984

Tabawa,

Ina gaisuwa, ina gai da Amadou. Lafiyar jiki akwai.

An yi ruwa? Wannan kaɗai nake son sani. Akwai wani ofis nan da ke karɓar hotunan sama na ƙasashenmu, na je na roƙa aka nuna mini. Na iya karanta iskar da ke nisan da hankali ba ya kaiwa, amma na tsaya gaban hoton ƙasarmu sai da wani ya nuna mini da yatsa inda hadarin ya tsaya, can kudu, ya ƙi hawowa.

Malamaina sun yaba aikin, sun sa ranar da zan kare shi a ƙarshen shekara. Ina gamawa zan taho. Kowace safiya sai in buɗe takardun in ga layin nan, in rufe. Ki rubuto ko da layi biyu ne, kuma kada ki sassauta mini.

Halidu


Harobanda
Oktoba 1984

Zuwa ga Halidu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Kawu ma yana da rai, yana nan gidana, shi na fara faɗa maka don ka iya karanta sauran.

Ka ce kada in sassauta. An ƙara ruwa sau ɗaya, ɗan kaɗan, wanda ko ƙura bai kwantar ba. Hatsin ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye, bai fid da kai ba. Amadou ya tarar da Kawu zaune a gonar, ya ɗauko shi, wannan karon ba gardama. Malam Hasan da iyalinsa soji sun kwashe su zuwa wani wurin noman rani. Amadou ya ce da za su rabu Malam Hasan bai faɗi ko kalma mara daɗi ba, ya yi wa Kawu sallama da hannu biyu, kuma wannan ya fi yi wa Kawu ciwo.

Ya rame ƙwarai. Da ya dawo ba ya zama gindin dogon yaro, ba ya magana sai gaisuwa. Shekaranjiya na taso daga aiki da rana, sai ya kira ni ya ce in ɗauko takardarka ta biyu, mai rantsuwa, in karanta a hankali kada in tsallake komai. Na karanta. Da na kai inda ka ce ya raba uku yadda ya koya maka, ya ce in tsaya. Sannan ya ce:

"Ashe yaron iyakar gaskiyarshi ya hwaɗi."

Na daɗe ina fatan ranar da zai yarda, da ta zo kuwa na so a ce bai yarda ba. Sai ya tambaye ni ko na riga na gaya maka duka ya shuka. Na dubi fuskarsa na ce a'a, ban faɗa ba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce to in ɗauko alƙalami. Ga saƙonsa, yadda ya faɗa:

"Halidu, ina sa maka albarka. Takardarka ta iske ni kan lokaci, na ji maganarka. Na raba uku, na shibka biyu, na ɓoye guda. Biyun Allah bai nuhwa ba. Gudan na nan wurina, baɗi mu shibka. Ka tsaya ka ƙare karatunka da kwanciyar rai, ba ka ɓata komi ba."

Ya sa na karanta masa abin da na rubuta don ya tabbata ban ƙara ba ban rage ba. Wannan shafin da kake karantawa bai san da shi ba.

Saboda haka ga abin da nake so da kai, kuma ba wasan taubasai nake ba. Ka rubuto masa ka ce ka ji daɗi da ya ɓoye kashi ɗaya, ka ce Allah ya kai mu baɗi. Kada ka ba shi haƙuri, kada ka nemi gafara, in ka yi zai gane na gaya maka. In ka zo ma kada ka ce a nuna maka irin. Na san zai yi maka wuya, ka haɗiye, ni ma haɗiyewa nake kullum in na kai masa fura.

Irin kakanmu ya ƙare, Halidu, ko ƙwaya babu. Abin da ya rage wa tsohon nan shi ne yana ganin ya ɗauke maka nauyin, to ka bar masa wannan.

Taka,
Tabawa